Kukan Gurguwa a Shagon Marigayi

Tun ina saurayi aikina bin sawu ne. Na bi ɓarayin shanu har inda kare ya ƙi shiga, na dawo da su ɗaure da igiyarsu. Maciji ya sare ni, an harbe ni a cinya, katanga ta taɓa faɗo mini, kuma duk waɗanda suka zo mini jaje a lokacin ni na raka su makwanci. Makaranta ban yi ba, ɗan rubutun nan ma da furfura na tsince shi. Amma a karatun ƙasa, wanda zai ja da ni uwarsa ba ta haife shi ba tukuna. Duk da haka akwai sawu guda da na bi har ƙarshensa na tsaya cik, kuma har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Abin ya faru ne a layin masu sana'a, 'yan makonni bayan rasuwar tsohon kafinta. Da hantsi Mai-walda, wanda shi ne shugaban layin, ya same ni ina shan iska a ƙofar gida.

"Baba, tashi. An kwashe akwatin kayan aikin marigayi."

"An fasa ƙofa?"

"Kwaɗo na nan a kulle yadda aka bar shi." Ya ɗan rage murya. "Kuma jiya Gurguwa ta yi kuka."

Wanda bai san layin ba sai ya ɗauka mace ake nufi. Gurguwa injin zuƙar ƙura ce, cikinta kamar ƙaramar ganga, da dogon tiyo a gaba. Ta girmi ɗan marigayi. Tayarta ɗaya ta karye tun da jimawa, marigayi ya sassaƙa mata ta katako, shi ya sa take ɗingishi in ana jan ta. Babu abin da ba a sake a jikinta ba, tun daga waya har marfi. In aka ce masa ya jefar ya sayi sabuwa, sai ya ce, "Ai ku ma ba a jefar da ku ba." Daf da ciwonsa na ajali ta mutu, ya buɗe ta a kan benci zai gyara, Allah bai nufa ba. Haka aka kulle shagon da ita a kwance, kayan cikinta a waje.

* * *

Na tarar layi ya cika. Ɗan marigayi, wanda direban babbar mota ne, yana tsaye da makulli a hannu, idonsa ja. Shi ya shirya da Mai-gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, a zo a kwashe duk ƙarfen shagon a ranar, tun da shi ba sana'ar ya gada ba.

Tela, wanda shagonsa ke manne da na marigayi, shi ya ji kukan. Ya ba ni labari.

"Bayan la'asar ne, ana tsuga ruwan saman nan, kowa ya shige. Sai na ji ta. Ka san kukanta, ta fara da tari, sannan ta ja dogo. Baba, shekara nawa ina jin ta ta bango, ba zan ɓata ba. Na leƙo, kwaɗo a ƙofa."

"Ka leƙa ta taga?"

"Ni? Da iyalina?"

Aka buɗe mini. Na hana kowa shiga, na cire takalmi na tsuguna a bakin ƙofa. Shagon kafinta ga mai bin sawu kamar tabarma ce aka shimfiɗa masa, don garin katako ba ya ɓoye ko ƙafar ƙadangare. Amma nan babu ko ƙwaya. Daɓen tas, kamar an lashe. Inda akwatin yake zama sai shatinsa kawai. Gurguwa kuwa tana tsaye a lungunta, an mayar da marfi, an naɗe tiyo an rataye.

Na sa soket na taɓa makunninta. Ta yi tari, ta ja dogon kuka. Mutanen da ke ƙofa suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji.

Nan layi ya rabu biyu. Wasu suka ce marigayi ne ya dawo ya ƙarasa aikinsa ya tafi da kayansa. Sauran suka ce fatalwa ba ta ɗaure noti, kuma mutum ɗaya ne a layin nan yake ta da mataccen inji, wato Mai-gyara. Ga shi kowa ya ji shi ranar da aka yi maganar gwangwan yana cewa sai dai a bi ta kan gawarsa kafin a auna kayan nan a sikeli.

"In rana ta faɗi bai fito da su ba," in ji Direba, "hukuma zan kai shi."

"Mu kuma rumfarsa za mu tashe," in ji Mai-walda. "Ba ma zama da ɓarawo."

Na ce su ba ni zuwa yamma. Kafin na fita na lura da abu biyu. Na farko, an zuƙe har ƙarƙashin benci da bayan katakai, inda ba ƙafar da za ta taka. Ɓarawo hanyarsa kawai yake sharewa, ba ya yi wa mai gida aikace. Na biyu, akwai busasshen taɓo a tayar katakon Gurguwa, injin da ba ta taɓa taka waje ba.

* * *

Mai-gyara na zaune a rumfarsa, tsakanin matattun fankoki da injunan huda, ya zuba tagumi. Tsoho ne sa'ana, sai dai ni na fi shi ƙwari nesa ba kusa ba.

"Ka zo kama ni, Mai-sawu?"

"In na zo kamu ba na sallama. Kai ka ta da ita?"

"Da ya bar ni, da tun yana raye na ta da ita. Kabon ɗinta ne ya cinye." Ya ɗauko wani ɗan baƙin abu kamar guntun gawayi ya nuna mini. "Irin wannan biyu ne a cikinta, dama da hagu, su ke goga inji ya juya. In sun gajarce sai a sa sabbi, a liƙe waya da dalma. Haka masu hankali ke yi. Shi kuwa sai ya fere ɗan tsinken katako ya cusa a bayan tsohon don ya ƙara tsawo. Katako a cikin inji, don Allah. Tun muna da baƙin gashi muke wannan faɗan."

"Jiya da ruwa kana ina?"

"Nan, ni kaɗai, ina tare yoyo da bokiti. Na ji kukanta sarai." Ya share ido da bayan hannu. "Wallahi daɗi na ji. Na ce ashe bai yi nisa ba."

Ba shi da shaida, kuma bayan rumfarsa na buɗewa ne kan lungun da ya bi ta bayan shagon marigayi. In da wani ne ba ni ba, da nan zai rufe bincike.

* * *

Na bi lungun. Ruwa ya wanke komai, sai ƙarƙashin indararo inda ƙasa ta tsira. Can na ga abin da nake nema: sawun Gurguwa, layin taya uku sirara, da na huɗu mai faɗi yana dangwala. Sawun fita daga ƙofar bayan shagon ya nutse ƙwarai, na dawowa kuwa sama-sama. Wato an ɗora mata akwatin a ka, an ja ta kamar amalanke, an sauke, an dawo da ita. Wanda ya yi haka ba shi da ƙarfin ɗaukar akwatin. Amma taku kaɗan sai ruwa ya cinye sawun, lungun kuma ya rabu uku: rumfar Mai-gyara, bakin titi, da gidan marigayi.

Na fara da titi, don a can na ga sawun kurar da Mai-gwangwan ke tura kaya. Na same shi a filinsa, kuma ina zuwa idona ya faɗa kan wani zarto mai ƙota irin sassaƙar marigayi, a saman tarin ƙarafa. Na ce a raina yau ko gumi ban yi ba.

"Wannan fa?"

Ya kwashe da dariya. "Baba, tsufa ya fara taɓa idon ne? Dubi haƙoransa, ya fi bakinka giɓi. Direba ya ba ni tun wancan mako in ga irin kayan. Kuma in saci abin da yau za a ba ni da rana tsaka? Ni mahaukaci ne?"

Na tambayi Direba, ya ce haka ne. Na haɗiye maganar giɓin, don gaskiya ɗaya ce ko a bakin marar kunya.

* * *

Saura gida. Matar marigayi, wadda duk layin ke kira Gwaggo, tana zaune a tsakar gida a kan wata 'yar kujera. Mace ce marar yawan magana, ko a layin ba a cika ganinta ba. Na yi mata ta'aziyya, ta kawo mini ruwa.

"Makullin ƙofar baya fa, Gwaggo?"

"Yana rataye inda yake rataye shi. Kowa ya shigo zai gani."

"Kin ji kukan jiya?"

"Ruwa na dukan kwano, me kunnen tsohuwa zai ji?"

"Sun ce in rana ta faɗi za su kai Mai-gyara hukuma."

Ta ɗago da sauri. "Ba cewa aka yi mai shagon ne ya dawo ba?"

"Wasu sun ce haka. Ɗanki bai yarda ba."

Da ta miƙo hannu karɓar kofi, na ga babban yatsanta na dama. Cikinsa ya yi kanta, da tsagi-tsagi tsofaffi, ɗaya kan ɗaya. Na san hannun da wuƙar girki ta ci, na san na wanki. Wannan ba shi ba ne. Irinsa na masu fere katako ne, waɗanda ke jawo wuƙa zuwa jikinsu su tare ta da yatsa.

Ina fita wani abu ya faɗo mini. Shekarun baya-bayan nan marigayi ya daina ba da hannu in an gaisa, sai ya dafe ƙirji. Kullum hannuwansa na cikin aljihu. Kuma duk wani aiki mai laushi, irin ƙotar wuƙa ko adon ƙofa, sai ya ce zai tafi da shi gida, wai layi ya cika surutu.

Na koma shagon ni kaɗai, na ari sukundireba wurin Tela na kwance marfin Gurguwa. Ni ban san inji ba, amma hannu ma sawu gare shi kamar ƙafa. Na shinshina, babu ƙaurin dalma. A bayan kowane kabon akwai ɗan tsinken katako, fari sol, sabon fira, har ƙamshin itacen bai fita ba. Na mayar da marfin. Shagon shiru, amma wallahi ban yarda na juya wa benci baya ba har na fita.

* * *

Da rana ta yi sanyi na tara su a shagon: Direba, Mai-walda, Tela, Mai-gwangwan da Mai-gyara. Sauran jama'a suka cika ƙofa da taga. Ƙofar baya kuwa na bar ta a buɗe da gangan, na kuma ɗaga murya yadda za a ji har gida.

Na sa Mai-gyara ya buɗe injin a gabansu. Yana ganin tsinkayen ya ja da baya, ya dafa bango.

"Wannan gyaransa ne," ya ce. "Gyaran marigayi ne."

Tela ya fara salati. Direba ya ce, "Dabara ce. Ya san yadda Baba ke yi, ya kwaikwaya don a ce fatalwa."

"To, mu gani," na ce. Na zaro tsinken dama na ajiye a benci, na kawo wuƙa da guntun katako. "Kowa ya fere mini irinsa."

Direba ya fere, ya fito kamar asuwaki. Na Mai-gwangwan ya tsage biyu. Mai-walda ya kusa cire yatsa. Mai-gyara ya yi ta fama, yana tura wuƙa waje kamar mai fiƙe fensir, nasa ya fito da ƙusumbi.

"Da gangan ya ɓata," in ji Direba. "Baba Mai-sawu, mun ba ka girmanka, ga rana tana faɗuwa. Ku kama mini shi."

Mai-walda ya riƙe hannun rigar tsohon. Shi ko motsi bai yi ba, idonsa na kan tsinken. Ni kuwa ƙofar baya nake kallo. Na san in na buɗe baki zan kuɓutar da shi, amma asirin ba nawa ba ne, kuma na ba mai shi daidai numfashi kaɗan kafin in tona.

"Sakar masa riga."

Gwaggo ce a bakin ƙofar. Ta shigo a hankali, ta tsaya a gaban benci daidai inda marigayi ke tsayawa.

"Miƙo wuƙar," ta ce wa ɗanta.

"Inna, me ya fito da ke cikin maza?"

"Na ce miƙo."

Ta kama katakon, ta jawo wuƙa zuwa yatsanta, shaf, shaf, ta juya shi, ta ƙara. Ta ajiye kusa da wancan. Ko uwarsu ba za ta bambance su ba.



"Akwatin na ƙarƙashin gadona," ta ce. "Ba abin da ya ɓata. Shekara shida hannun ubanka na rawa, ko cokali ba ya kai wa baki lafiya. Ya ce in layi ya sani, ba mai sake kawo masa aiki, sai dai a riƙa yi masa sannu. Shi ne ya koya mini. Yana faɗa, ina yi. Duk ƙofar da kuka yaba a shekarun nan, a tsakar gidana aka yi adonta." Ta dubi Mai-walda. "Har gadon 'yarka."

Direba ya zauna a kan wani kututture. "Me ya sa ba ki ce mini kar in sayar ba?"

"Ka tambaye ni? Ka zo ka ce tsofaffin ƙarafa ne. In na ce ina so, sai ka ce in yi me da su, ni kuma na yi masa alkawari ba zan faɗa ba. Gizagon da ke cikin akwatin na kakanka ne. An sake masa ƙota ta fi a ƙirga, bakinsa bai taɓa ba da kunya ba. Shi za a narka a yi murhu?"

"To sharar fa?" in ji Tela. "Ita ta kusa kashe ni."

"Bai taɓa kulle shago da datti ba. Na shigo na ga an bar masa wuri kaca-kaca, ita kuma a kwance ciki a buɗe. Na kasa wucewa." Ta juya wajen Mai-gyara. "Na so a bar shi a kan fatalwa, don ita ba a kai ta hukuma. Ban san kai za a kama ba. Ka yafe ni, Malam."

"Ni da kika ta da mini ita?" ya ce. "Sai dai katako a cikin inji, Gwaggo, har ke?"

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi da ƙwalla a ido. Mai-walda ya cire hula ya ba tsohon haƙuri a gaban kowa. Direba ya durƙusa ya kama ƙafar Mai-gyara, sannan ya ce wa Mai-gwangwan ya yi haƙuri, ciniki ya tashi. Shi kuma ya ce ba komai, zarto mai giɓi dai ya zama nasa.

* * *

Jama'a suka watse, muka rage mu uku, ni da Gwaggo da Mai-gyara, yana shirin mayar da marfi. Ina cikin gaya musu cewa tun da na ga tayar nan na gama sanin komai, sai na zaro tsinken hagu don in mayar da su tare. Na jera su a tafin hannuna.

Ba hannu ɗaya ba ne. Na dama yana da ɗan tudu inda wuƙa ta tsaya ta sake tashi, irin na Gwaggo. Na hagu kuwa jan wuƙa ɗaya ne tun daga sama har ƙasa, sumul kamar an zuba shi.

"Gwaggo, wannan fa?"

Ta duba shi. "Ɗaya na fere," ta ce. "Da na zo sa na hagu, na tarar da shi a ciki. Na ɗauka tsoho ne."

"Tsohon tsinke baƙi yake yi da kabon," in ji Mai-gyara. "Kuma da idona na ga cikinta ranar da aka kulle shagon nan, ba komai a wurin." Ya karɓa ya kai kusa da ido, ya shinshina. "Na san wannan jan wuƙar. Haka yake yi tun muna samari, kafin hannun ya lalace."

Na duba daɓen, na duba benci, na duba bakin taga. Ni da na bi sawun maciji a kan dutse, ban ga ko ɗigo ba.

Gwaggo ta karɓi tsinken, ta mayar da shi wurinsa da kanta, ta ce a rufe.

Yanzu shagon a buɗe yake. Ita ke tsaye a bencin da rana tsaka, kayan aikin na rataye a bango suna ƙyallin mai, kuma ita da Mai-gyara sun ɗora faɗan dalma da katako daga inda aka tsaya. Gurguwa na nan tana ɗingishi, za ta binne wasunmu kamar yadda na binne sa'o'ina. In yamma ta yi na biyo ta layin na ji ta yi tari ta ja dogon kukan nan, nakan tsaya a bakin ƙofa in gaida Gwaggo. Sannan in ɗan juya wajen lungun shagon, in sake yin wata sallamar, ko mai shi na nan.